WA KE RIƘE DA LEDAR MAGANIN BABA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa Mai kashewa, Wanda lafiya da cuta suke hannunSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Yau magana ce mai ɗaci nake tafe da ita, kuma da gidanmu zan fara, don kada wani ya ce na zo tonon asirin gidajen mutane ne alhali na rufe nawa.

Kwanakin baya na je gaida wani kawuna, dattijo mai shekara 78, wanda ya shekara biyu ana jinyarsa a gida tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Na tarar da shi ba yadda na saba ganinsa ba: barci ba dare ba rana, in an tashe shi zaune sai jiri ya kwashe shi, har ya faɗi sau biyu a hanyar banɗaki. Mutanen gida suka ce tsufa ne. Wata gwaggo ta ce a'a, iska ce, a nemo mai ruƙiya. Ina nan zaune lokacin shan magani ya yi, sai matarsa ta jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin gado. Na ce, "Inna, don Allah ba ni in gani." Na zazzage ta a kan tabarma na ƙirga: magani iri 16.

Biyar ne kawai likitan asibiti ya rubuta. Sauran fa? Babban ɗansa ya aiko da wasu daga inda yake aiki. 'Yarsa ta je kemis ta ce a haɗa wa Baba na ciwon gwiwa, aka ƙulle mata ƙwayoyi masu launi-launi a 'yar leda, ba suna ba kwali. Maƙwabci ya kawo gorar jiƙo. Jikansa ya ga wani magani a WhatsApp ya sayo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, biyu daga cikin ƙwayoyin maganin hawan jini ne iri ɗaya, kamfani ne kawai ya bambanta, da kwali da launi, don haka kullum ninki biyu dattijon nan yake sha. Muka kwashi ledar gaba ɗaya muka kai wa likitansa. Ya ware, ya tsayar da na tsayarwa, ya bar na bari. Cikin mako biyu Kawu ya koma zama da kansa, yana gane mai shigowa, har yana yi wa jikoki faɗa. Ashe ba tsufa ba ne, ba kuma iska ba. Mu ne, mu masu ƙaunarsa.

To, ya ɗan uwa mai karatu, abin da nake son faɗa ke nan a taƙaice: a gidajenmu kowa mai ba tsoho magani ne, amma babu wanda ya ɗauki alhakin maganin. Mun mayar da sayen ƙwaya ma'aunin biyayya ga iyaye. Wannan ba biyayya ba ce, sakaci ne da ya sa rigar biyayya, kuma Allah zai tambaye mu.

JIKIN TSOHO BA NAKA BA NE

Kuskuren farko shi ne auna jikin tsoho da jikinmu. Kai mai shekara 25 za ka haɗiyi ƙwaya biyu ka hau babur ka yi tafiyarka, sai ka ɗauka haka abin yake ga kowa. Ba haka ba ne. Ƙoda da hanta su ne masu tace magani su fitar da shi daga jiki, kuma aikinsu yana raguwa da shekaru ko da mutum ba shi da wata cuta. Saboda haka ƙwayar da za ta bar jikinka yau, tana iya kwana a jikin Baba, gobe a ƙara masa wata a kanta, jibi a ƙara, har ta taru ta zama guba. Ga shi ruwan jikin tsoho ya ragu, ƙishirwa ba ta cika damunsa ba ko da jikin yana bukatar ruwa, ƙwaƙwalwarsa kuma ta fi saurin jin duk wani magani mai sa barci.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1991 wani likitan tsofaffi a Amurka mai suna Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, kuma ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar tana sabunta jerin, ta sake fitar da shi a 2023. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami a kan cutarwar da magani ke jawowa, inda ta ƙiyasta cewa kura-kuran da ake yi wajen ba da magani suna ci wa duniya kimanin dala biliyan 42 a shekara. A wajen masana, da zarar mutum yana shan magani iri 5 ko fiye a kullum, to, ya shiga sahun waɗanda sai an riƙa bitar magungunansu a kai a kai. Kawu yana shan 16, babu mai bita sai Allah.

ABUBUWAN DA KE CIKIN LEDAR

Bari in ambaci kaɗan daga abin da ba a rasawa a irin wannan leda, domin ka je ka duba ta gidanku.

Na farko, magungunan ciwon jiki da ciwon gaɓoɓi irin su dikilofinak da aibufurofen da Feldene. Su ne ƙashin bayan haɗin kemis. Suna kwantar da ciwon gwiwa, gaskiya ne, amma suna ƙwarzar ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna ɗaga hawan jini, suna kuma raunana ƙoda. In aka haɗa su da wasu magungunan hawan jini da masu sa fitsari, to, an taru wa ƙoda ta fuska uku. Tsohon da bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, a garzaya da shi asibiti, alama ce ta jini na zuba a ciki.

Na biyu, deksametason da firedinisolon, waɗanda akan jefa cikin haɗi don mai ciwo ya ji garau nan take ya yabi mai kemis. In aka daɗe ana sha suna tayar da suga, su tayar da jini, su rage ƙarfin ƙashi, su kumbura fuska har a riƙa cewa Hajiya ta yi ƙiba, ta samu sauƙi. Wanda kuma ya daɗe a kansu ba a yanke masa su rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa sannu a hankali.

Na uku, masu sa barci irin su Valium da Piriton. Tsoho ya hana mutanen gida barci da dare, sai a ba shi don a huta. Ya tashi fitsari cikin magagi, ya zame, ƙashin ƙugu ya karye, daga nan kuma sau da yawa kwanciya ta kama shi ke nan. Piriton da danginsa suna iya rikita tunanin tsoho, su kuma riƙe wa dattijo fitsari.

Na huɗu, maganin ciwon suga mai suna gilibenkilamaid, wanda aka fi sani da Daonil. Yana daɗewa a jiki, yana iya sauke suga ƙasa warwas, musamman in tsoho ya sha bai ci abinci ba. Jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Alamar faɗuwar suga kuwa ita ce gumi, da karkarwa, da sambatu, da suma, wato daidai abin da muke kira bugun aljanu. Sai a dage da tofi da hayaƙi, alhali in yana iya haɗiya, ruwan suga ko zuma yake bukata nan take, sannan asibiti. In kuwa ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a ɗauke shi kawai.

Na biyar, farasitamol, wanda muke ɗauka kamar alewa. Iyakarsa ga babba mai lafiya giram 4 ne a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, ga tsoho mai rama kuwa ƙasa da haka. Amma Panadol farasitamol ne, yawancin magungunan mura ma akwai shi a ciki, sai a haɗa uku a ba mutum ɗaya ana zaton abubuwa daban-daban ne, hanta kuma tana ɗaukar nauyin.

Sai kuma ɗabi'un jinya. Akwai ƙwayoyin da aka yi su don su riƙa narkewa a hankali tsawon yini, kamar wasu nau'o'in nifedifin na hawan jini. In aka daka su aka zuba a kunu don Baba ba ya iya haɗiya, maganin yini guda ya shiga jini a sa'a ɗaya. Akwai ƙarin ruwa, wanda muka mayar da shi maganin kowace kasala: a kira wani mai allura na unguwa ya rataya leda a ƙusa, alhali tsohon da zuciyarsa ko ƙodarsa ta raunana ruwan yana iya taruwa masa a huhu. Akwai kuma kishiyar duk wannan, wato tsayar da maganin hawan jini don an ga Baba ya ji sauƙi. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Garin neman gira ake rasa ido.

ME ADDINI YA CE?

Na san wani zai ce, to, malam, mene ne haɗin wannan da shafin tunatarwa? Haɗin kuwa babba ne.

A cikin Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah (SWT) Ya gwama haƙƙin iyaye da tauhidi, Ya kuma keɓe lokacin tsufansu da ambato, Ya hana ko da 'yar ƙaramar kalmar ƙosawa gare su. Shin Wanda Ya hana ka yi wa mahaifinka tsaki, zai yarda ka ɗura masa abin da ba ka san aikinsa ba?

Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamunin ɓarna a wuyan duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba. Mukan karanta wannan hadisi mu tuna da masu tallar magani a tasha da lasifika. Amma ɗan da ya karanta saƙo a waya ya sayo wa uwarsa ƙwaya fa? Shi ma ya yi likitancin da bai sani ba.

Ku dubi kuma abin da ya faru a ɗakin Manzon Allah (SAW) a ciwonsa na ƙarshe, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha (RA). Iyalansa sun ɗura masa magani ta gefen baki, yana yi musu ishara da su bari, suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane majinyaci. Da ya farfaɗo sai ya yi umarni a ɗura wa duk wanda ya halarta irin abin da aka ɗura masa, in ban da baffansa Abbas (RA) wanda bai halarta ba. Waɗannan su ne mafi ƙaunarsa a bayan ƙasa, niyyarsu kuma babu mai shakkarta, amma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke musu bin kadi ba. Mu kuwa ko tambayar tsoho ba ma yi: me kake ji in ka sha wannan? Sai dai "Baba, daure ka shanye."

Magabatanmu ba su yi wasa da wannan fage ba. A shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931, da labari ya kai wa Halifa Muƙtadir cewa wani majinyaci ya mutu saboda kuskuren mai magani, sai ya hana kowa yin likitanci a Bagadaza sai wanda babban likita Sinan bin Sabit ya jarraba shi, aka jarraba fiye da mutum 800. Ibnul Ƙayyim kuma, a cikin Zadul Ma'ad, ya yi bayanin cewa ƙa'idar likitoci ita ce ba a zuwa ga magani matuƙar abinci zai wadatar, ba a kuma zuwa ga haɗaɗɗen magani matuƙar guda ɗaya zai isa, kuma maganin da ya wuce gwargwadon cuta lafiyar jiki yake komawa ya ci. Malamin ƙarni na 8 na Hijira ke nan. Yau mu masu waya a hannu mun koma bayansa da nisa.

UZURORIN DA NA SABA JI

"Ai ajali ne, in kwana ya ƙare ko me aka yi sai an tafi." Gaskiya ne babu mai wuce ajalinsa. Amma da wannan hujja ce, da shari'a ba ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure ba. Ƙaddara ta Allah ce, sakaci naka ne, kuma a kan naka za a tambaye ka.

"Ai habbatus sauda da zuma Sunna ce, ba sa cutarwa." Babu Musulmin da zai musa falalarsu. Amma falalar abu daban, sanin gwargwado da lokaci da yanayin mai sha daban. Zuma tana tayar da sugan mai ciwon suga. Ganye da saiwa kuma magunguna ne na gaske, shi ya sa suke iya karo da na asibiti. Balle gorar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba: don an liƙa mata takarda da rubutun Larabci ba ta zama wahayi ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne: duk abin da tsoho ke sha, na asibiti da na gargajiya da na Musulunci, a faɗa wa likita, kada a ɓoye don tsoron faɗa.

"Asibiti tsada, ga layi." Wannan uzuri ne na gaskiya, ba zan raina shi ba. Amma ku tara kuɗin ƙwayoyi 11 da aka ƙara wa kawuna, ku gani ko ba su biya kuɗin ganin likita sau da yawa ba. Sannan ku tambayi masu kai majinyaci wankin ƙoda nawa suke kashewa a mako.

"Kunya muke ji, ba ma iya mayar da maganin da babba ya kawo." Karɓi, ka yi godiya, ka sa albarka, ka ajiye har a tambayi likita. Kunyar da za ta kai mahaifiyarka kushewa ba ita ce kunyar da addini ya yaba ba.

Sai azumi. Kowace shekara akwai tsofaffi masu ciwon suga da ke dagewa sai sun yi, 'ya'ya kuma suna alfahari da hakan, ana haɗe maganin safe da na rana a ba su gaba ɗaya da sahur. Allah Ya yi rangwame ga majinyaci a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, malamai kuma sun yi bayanin ciyarwa ga tsohon da ba zai iya ba. Ƙa'idar likitoci ita ce mai azumin da sugansa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a na'urar awo mai lissafin miligiram, ya karya nan take. A je wa likita tun cikin Sha'aban, shi zai ce a yi ko a bari, shi zai sauya lokutan magani.

ABIN DA YA KAMATA KA YI A WANNAN MAKO

Ɗaya: iyali su zauna su naɗa mutum guda mai riƙon maganin tsoho, da mataimaki guda. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, amma ba a ledar magani ba. Duk mai son taimakawa ya ba da kuɗi ko abinci ko lokacinsa.

Biyu: a sayi littafi. A rubuta sunan kowane magani na asali, wanda ke ƙasan sunan kamfani, da ƙarfinsa, da dalilin shansa, da lokacinsa. Duk wanda ya bayar ya sa alama, don kada ta safe ta bayar, ta rana ma ta sake bayarwa. In mai jinya ba ta karatun boko, a rubuta mata da ajami, ko a ɗaura lokutan da salloli in likita ya amince.

Uku: duk zuwa asibiti a tafi da ledar gaba ɗaya, har da gorar jiƙo, a tambayi likita ko masanin magunguna: wanne za a iya ragewa?

Huɗu: kada a sayi ƙwaya tsirara. A sayi mai kwali, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane 10 na magungunan ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marar inganci.

Biyar: a ajiye magani a inuwa mai sanyi, nesa da yara. Insulin ba ya son zafi, ba ya kuma son daskarewa. Inda babu firji, a sa shi cikin abin da ruwa ba zai shiga ba a ajiye a randar ƙasa mai sanyi.

Shida: duk sabon abu da aka gani ga tsoho, ko rikicewa, ko jiri, ko faɗuwa, ko yawan barci, ko amai da gudawa, tambayar farko ita ce: wane magani aka ƙara ko aka sauya? A kira likita a ranar. Nas ɗin da ke zuwa gida kuma ya zama mai rajista, ya ga littafin, ya rubuta abin da ya yi.

Ya ɗan uwa, ya 'yar uwa, kai ne mai karatu a gidanku, ke ce mai iya karanta ƙananan rubutun kwali. Wayar da muke kwana a kanta muna jayayya da mutanen da ba mu taɓa gani ba, ta isa ta ɗauki hoton kowane kwali, ta kuma tuna mana lokacin maganin Inna. Waɗannan bayin Allah sun san lokacin shan nononmu ba tare da agogo ba. Kafin ka kwanta yau, ka shiga ɗakin tsohon gidanku, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce a ba ka ledar.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon rabuwa lafiya da waɗanda suke raye. Amin.